Sawakin da Jiragen Sambuk: Zangon Ƙarshe na Alhazan Ƙasa a Tsakiyar Ƙarni na 20

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa bayinSa tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wanda ya tsaya a Kwangila ta Zariya a watan Zulƙida zai ga motocin maniyyata suna wucewa, wasu sun nufi Kaduna, wasu Kano, inda jirgin sama zai sauke su a ƙasa mai tsarki cikin kamar awa biyar. Kakannin waɗannan maniyyata sun yi wannan tafiya a ƙasa, wasu cikin watanni, wasu cikin shekaru. Bayan sun ratsa fiye da kilomita 3,000 sukan iske Bahar Maliya a gabansu, a bakin wani ƙaramin tsibiri na Sudan mai suna Sawakin. Daga nan zuwa Jidda kilomita 300 ne da 'yan kai. Wannan maƙala za ta dubi tsibirin da mutanensa da jiragensa tsakanin 1940 da 1960, domin a wannan ɗan gajeren zango ne sharaɗin istiɗa'a, wanda ɗalibi ke karantawa a zaure, ya zama maganar rai da mutuwa.

Hanyar da ta kai Hausawa bakin teku

Aya ta 97 a Suratu Ali Imrana ta rataya wajabcin Hajji ga samun iko. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a ƙasar Hausa, sun fassara wannan iko da yalwa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, iko shi ne mutum ya iya isa ba tare da wahala mai tsanani ba, yana amintacce a kan ransa da dukiyarsa, ko da da ƙafa ne. Halil ya ƙara da cewa mai sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya yana cikin masu iko, ko ba shi da guzuri da abin hawa. Saboda haka wanzami da maɗinki da manomi suka ga cewa kiran ya haɗa da su, suka ɗaura niyya da sana'arsu a hannu.

Tarihi ma ya share musu hanya. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. A 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, wanda ke buƙatar hannu da yawa. Maniyyaci ya samu 'yan'uwa da zai sauka wurinsu, da gonar da zai yi ƙodago ya tara kuɗin jirgi.

Hanyar da aka fi bi ita ce daga Kano zuwa Maiduguri, a shiga Fallomi, wadda ake kira Injamena a yau, a wuce Abeshe da Adire, a shiga Sudan ta Janaina, sai Fashir, sai Ubayyid inda layin dogo ya fara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci suka yawaita a kanta. Mutanen Sudan suka riƙa kiran waɗannan matafiya Fallata ko Takari, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

Tsibirin da ake rushewa

Sawakin tsibiri ne kewayayye, ɗan ƙarami, a ƙarshen wata siririyar mashiga da ta ratsa duwatsun murjani. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a kansa wajen 1330, ya kuma ambaci cewa ba a shuka a cikinsa, ruwan sha ma kawo shi ake yi. Garin ya bunƙasa bayan rushewar tashar Aizab a ƙarni na 15, ya shiga hannun Daular Usmaniyya a ƙarni na 16, aka miƙa shi ga Masar a 1865. A 1877 Godon ya sa aka yi hanyar ƙasa da ta haɗa tsibirin da unguwar Gaif da ke kan tudu. A kewayen garin ne Usman Digna, kwamandan Mahadi a gabashin Sudan, ya yi shekaru yana fafatawa da sojojin Masar da Ingila.

Attajiran garin, waɗanda da yawansu asalinsu Jidda ne ko Hadramaut, sun gina benaye masu hawa biyu da uku da dutsen murjani, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, irin na tsohon garin Jidda. A kan tsibirin akwai masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya. A kan tudu kuwa akwai kasuwa da bukkokin Bija, wato Hadandawa da danginsu, da zawiyoyin ɗariƙun Majzubiyya da Hatmiyya.

Mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage masu inji ƙunci. Saboda haka Turawa suka gina sabuwar tasha, Fot Sudan, kimanin kilomita 60 arewa da ita, aka buɗe ta a 1909. Cikin shekaru kaɗan ofisoshi da 'yan kasuwa suka ƙaura. Dutsen murjani kuwa sai ana yi masa yaɓen farar ƙasa a kai a kai, in an bar shi gishiri da danshi su cinye shi. A shekarun 1940 da 1950, lokacin da malamin zane Jean-Pierre Greenlaw yake auna gidajen yana zana su, da yawa sun riga sun fara zubewa. Abin da ya riƙe ran garin shi ne masunta, da masu sassaƙa jirage a bakin ruwa, da kuma alhazai, domin hukuma ta bar wurin killace maniyyata a Sawakin, ta nan ake tashi, ta nan ake dawowa.

Zaman jira

Maniyyacin da ya iso da takardunsa sai a yi masa lambar agana da allurar kwalara, a duba fasfonsa, ya biya kuɗin jirgi na zuwa da dawowa da sauran kuɗaɗen da hukumomin Hijaz ke karɓa, sannan ya shiga jirgi mai inji. Wannan tsari ya samo tushe daga yarjejeniyoyin kiwon lafiya na ƙasa da ƙasa, irin wadda aka ƙulla a Faris a 1926, saboda tsoron yaɗuwar annoba ta hanyar Hajji.

Wanda kuɗinsa bai cika ba sai ya zauna. Maza suka shiga ga-ruwa da dako a tashar Fot Sudan da wanki da aski da yankan farce, mata suka shiga sayar da gyaɗa da abinci, malamai suka kafa makarantun allo. Har yau mutanen Sudan suna kiran wani nau'in tsire agashe, kalmar da kowane Bahaushe zai gane asalinta. A shekarun 1950 Hajji ya faɗo tsakanin Satumba da Yuni, wato tsakiyar zafin gaɓar Bahar Maliya, inda ruwan sha abin saye ne. Wanda Arfa ta wuce shi yana jira, sai ya sake shekara guda, kuma shekarar kan zo da aure ko haihuwa ko bashi.

Sambuk da nahudansa

Ga wanda ya gaji da jira akwai wata ƙofa, ita ce sambuk. Jirgi ne na katako, mai dirka ɗaya ko biyu, da babban ƙyalle mai kusurwa uku wanda Larabawa ke kira shira'i, iska ce ke tura shi. Shugabansa ana kiransa nahuda. Aikinsa na yau da kullum shi ne su, da tsintar kwanson teku, da jigilar dawa da tumaki da gawayi tsakanin gaɓoɓin biyu. Matuƙansa sun san duwatsun murjani da launin ruwa, shi ya sa a kusa da gaɓa suke tafiya da rana, su kwana a wata mafaka da dare. A arewacin Bahar Maliya iskar arewa ce ke rinjaye kusan duk shekara, saboda haka jirgin da ya nufi Jidda daga Sawakin, wadda ke arewa maso gabas, yakan sha fama, sau da yawa iska ta karkatar da shi kudu.

Ɗaukar maniyyata a sambuk ba bisa ƙa'ida ba sana'a ce ta dare. Akan tara mutane a wata keɓaɓɓiyar gaɓa nesa da idon 'yan sanda, wasu kuma su bi ta Kassala su shiga Iritiriya su tashi daga wajen Masawa. Akan sauke su a kudancin Jidda, wajen Lis ko Ƙunfuza, su ƙarasa da ƙafa. Haɗarin iri uku ne: lodi fiye da ƙima, ƙarewar ruwan sha idan iska ta ɗauke, da ha'incin wanda ya karɓi kuɗi. Takardun hukumomin mulkin mallaka sun ƙunshi ƙorafe-ƙorafe kan maniyyatan da aka zubar a gaɓar da ba kowa, da waɗanda suka faɗa hannun masu cinikin bayi, domin Saudiyya ba ta haramta bauta a hukumance ba sai 1962.

Wannan ba sabon abu ba ne a wannan teku. Ibn Jubair, wanda ya haye daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya bayyana jiragen jalba da ake ɗinke katakonsu da igiyar kwakwa ba ƙusa, ya kuma koka da yadda masu su ke cusa alhazai don kwaɗayin riba. Ƙarni bakwai da rabi bayansa, igiya ta zama ƙusa, halin mai jirgi da raunin fasinja suna nan yadda suke.

Abin da fiƙihu ya ce

Sunan Sawakin ya shiga littattafan fiƙihu ta babin miƙati. Malaman Shafi'iyya da Hambaliyya na baya sun buga misali da wanda ya taso daga Sawakin kai tsaye zuwa Jidda: yakan isa gaɓa kafin ya daidaita da Juhfa ko Yalamlam, saboda haka zai ɗaura harami a Jidda, mai tazarar zango biyu daga Makka. Wannan mas'ala ce ake dawowa gare ta a yau duk lokacin da ake muhawara kan haramin masu zuwa ta jirgin sama daga yamma.

Babin da ya fi nauyi shi ne na hawa teku. Halil ya daidaita teku da tudu wajen wajabcin Hajji, amma ya fitar da hali biyu: idan halaka ce ta fi rinjaye, ko idan mutum zai tozarta wani rukuni na salla saboda jiri ko cunkoso. Game da mace kuma ya sa sharaɗin ta samu wuri keɓantacce. Idan aka auna sambuk ɗin dare da wannan ma'auni, wanda ke cike maƙil har ba wurin sujada, maza da mata a haɗe, za a ga cewa wajabcin ya faɗi daga kan yawancin waɗanda suka hau shi. Da sun koma gida, ko sun zauna a Sawakin har ajali, babu laifi a kansu.

Duk da haka, hukuncin faɗuwar wajabci dabam, hukuncin mutumin dabam. Wanda ya bar Zazzau shekara bakwai da suka wuce, ya binne ɗa a Wadai, ya tsinci auduga kaka uku a Jazira, ba jahilcin Muhtasar ne ya sa shi cikin sambuk ba. Mazhabarsa ta gaya masa cewa ƙafarsa da sana'arsa sun isa, kuma sun isa ɗin har bakin ruwa. A nan ne ya tarar da sharaɗin da Halil bai san shi ba: fasfo, da kuɗin ajiya, da tikiti. Dokokin lafiya sun kare rayuka da yawa, amma tsadar bin su ta tura matalauta zuwa ga hanya mafi haɗari. Darasin ga mai fatawa shi ne istiɗa'a tana canzawa da zamani, kuma abin da hukuma ta ɗora wa maniyyaci yana shiga cikin lissafinta.

Rufewar hanya

A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a Kano, da motoci da farko, daga baya da jiragen sama. A 1953 Alhaji Abubakar Imam, wanda ya daɗe yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, ya gabatar da ƙuduri a majalisa kan a buɗe wa Nijeriya ofishin kula da alhazai a Jidda. Sardauna Ahmadu Bello ya yi Hajji a 1955, kuma daga nan gwamnati ta shiga harkar sosai. Sudan ta samu 'yanci a 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuma ta nemi asalin zama tun ƙarshen 1897, abin da ya bar zuriyar alhazai da yawa a tsaka mai wuya. A hankali jirgin sama ya gaji hanyar ƙasa. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a Sawakin da sunan Usman Digna, jiragen fasinja suna tashi daga cikinta zuwa Jidda, tsohon tsibirin kuwa mafi yawansa tarin duwatsu ne.

Kammalawa

A gidaje da dama na Zariya da Kano da Katsina akwai labarin wani kaka da ya tafi gabas bai dawo ba, ko ya dawo da furfura da 'ya'ya masu jin Larabci. Waɗanda suka hau sambuk da ƙuruciyarsu, in suna raye, sun haura shekara tamanin. Ɗaliban tarihi da na fiƙihu suna da aiki a gabansu: su zauna da su, su rubuta sunayen zangogi da na masu masauki, da abin da aka biya, da yadda aka yi salla a cikin jirgi, da inda aka ɗaura harami. Waɗannan bayanai ne za su nuna yadda talakan ƙasar Hausa ya fahimci babin Hajji ya kuma yi aiki da shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka isa da waɗanda suka kwanta a hanya, Ya ba kowa ladan niyyarsa. Wallahu a'alam.