Raha a Tallar Motoci da Ma'aikatan da Aka Sallama: Tarihin Mutum-mutumin General Motors

Sana'ar tallata motoci a Amurka ta girma ne tare da masana'antar ƙera su, kuma a shekarunta na farko sana'a ce ta kambamawa, inda ake zana mota ta fi tsayinta na ainihi, a ajiye ta a ƙofar gidan attajiri, a yi wa mai saye alkawarin daraja a idon maƙwabta. Raha ta shigo cikinta ne daga baya, kuma ta shigo da tambayar da har yau ba ta daina tasowa ba, wato wane ne ake yi wa dariya a cikin tallar, kuma wane ne ya cancanci ya yi dariyar. Tambayar takan ƙara nauyi idan kamfanin da yake barkwancin shi ne kuma yake sallamar ma'aikata, kamar yadda ya faru da General Motors a farkon shekarar 2007.

Masana tarihin talla sukan danganta shigowar raha cikin tallar motoci da shekarar 1959, lokacin da kamfanin shirya tallace-tallace na Doyle Dane Bernbach da ke New York ya karɓi aikin tallata ƙaramar motar Volkswagen ta Jamus, wadda ba ta da girma ko ƙawa irin na motocin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka. Maimakon ya ɓoye wannan rashi, sai ya mayar da shi abin murmushi. Ɗaya daga cikin tallace-tallacen da suka fi shahara, wanda ya fito a 1960, ya nuna hoton mota da ido ba ya ganin aibinta, sa'annan ya bayyana cewa wani mai duba inganci a masana'antar ya hana ta fita saboda ɗan tabo a jikin ƙarfen adon da ke kan akwatin ajiya na gaban mota. A wannan talla motar ce abin dariya, kamfanin ne yake ƙasƙantar da kansa, ma'aikacin kuwa shi ne mai hukunci, wanda kaifin idonsa yake kare mai saye.

Bayan shekara kusan ashirin, a 1979, kamfanin Fiat na Italiya ya fitar da talla mai tsawon minti biyu a Birtaniya domin motarsa Strada, wadda Hugh Hudson ya ba da umarnin ɗaukarta. An nuna injina suna harhaɗa mota bisa kiɗan Rossini, babu ɗan Adam a kusa, kuma barkwancin tallar shi ne cewa motar ƙirar hannu ce amma hannun mutum-mutumi, wato na'urar da aka tsara ta yi aikin da mutum yake yi ba tare da an riƙe ta ba. A shekarar da ta biyo baya Fiat ya dakatar da ma'aikata kimanin 23,000 a Turin, aka yi yajin aiki na kwana 35 wanda ƙungiyoyin ƙwadago suka fita daga cikinsa a raunane. Tsakanin tallar Volkswagen da ta Fiat ma'aikaci ya tashi daga matsayin gwarzon labari ya koma wanda ake alfahari da rashinsa.

Fahimtar abin da ya faru a 2007 tana buƙatar sanin abin da aikin masana'antar mota yake nufi ga iyalan jihar Michigan. An kafa General Motors a garin Flint a 1908, kuma a garin ne ma'aikata suka yi yajin zaman dirshan na kwana 44, daga ƙarshen Disambar 1936 zuwa 11 ga Fabrairun 1937, inda suka zauna a cikin masana'antu suka ƙi fita har sai da kamfanin ya amince da ƙungiyarsu ta ƙwadago, wato UAW. A 1950 shugaban ƙungiyar, Walter Reuther, ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin, wadda aka yi wa laƙabi da Yarjejeniyar Detroit, ta tanadi fansho da tallafin kula da lafiya da ƙarin albashi gwargwadon tsadar rayuwa. A ƙarƙashin wannan tsari mutumin da bai wuce sakandare ba yana iya mallakar gida, ya tura 'ya'yansa jami'a, ya yi ritaya da mutuncinsa, kuma aikin ya zama gado da uba yake barwa ɗa. A 1979 kamfanin yana da ma'aikata sama da 600,000 a Amurka, kuma a garin Flint kaɗai yana ɗauke da kimanin 80,000.

Mutum-mutumi ba baƙo ba ne a wannan tarihi. Na farkonsa a duk masana'antun duniya, mai suna Unimate, ya fara aiki ne a 1961 a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey, yana ɗauko sassan ƙarfe masu zafi daga injin zubi. A 1972 ma'aikatan masana'antar Lordstown ta jihar Ohio, inda aka girke irin waɗannan na'urori aka kuma ƙara gudun layin harhaɗawa har ya kai mota ɗari a awa guda, sun yi yajin aiki na mako uku saboda matsin da suke sha. Roger Smith, wanda ya shugabanci kamfanin daga 1981 zuwa 1990, ya kashe biliyoyin daloli wajen sayen na'urori da fatan rage dogaro da ma'aikata, amma a sabuwar masana'antar Hamtramck da aka buɗe a 1985 an riƙa ba da rahoton na'urorin suna fesa wa juna fenti maimakon motoci. A Nuwambar 1986 kamfanin ya sanar da rufe masana'antu 11 da sallamar mutane kimanin 29,000, abin da mai shirya fina-finai Michael Moore ya bi diddiginsa a fim ɗinsa na 1989 game da durƙushewar Flint. Saboda haka a idon ma'aikacin Michigan mutum-mutumi shi ne abin da aka kawo domin ya maye gurbinsa.

Zuwa 2005 al'amura sun ƙara taɓarɓarewa. Kamfanin ya yi asarar sama da dala biliyan 10 a wannan shekara, kamfanin Delphi mai ƙera masa sassan motoci ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Oktoba, a Nuwamba kuma shugaban General Motors na lokacin, Rick Wagoner, ya sanar da shirin rage guraben aiki 30,000. A 2006 ma'aikata kimanin 35,000 suka karɓi tayin ritaya kafin lokaci ko kuɗin sallama, wanda ga wasu ya kai dala 140,000 bisa sharaɗin su haƙura da inshorar lafiyar da kamfanin yake ba wa masu ritaya. Kamfanin Ford ma ya riga ya sanar da shirin rufe masana'antu 14. Kason General Motors a kasuwar Amurka, wanda ya kai rabi a farkon shekarun 1960, ya sauko zuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma babban dalilin da masu saye suke bayarwa shi ne cewa motocin Japan sun fi ƙarko.

Domin magance wannan zargi kamfanin ya fito da garanti na mil 100,000, wato kimanin kilomita 160,000, a kan inji da giya, kuma ya zaɓi ya tallata shi a wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wanda a ranar 4 ga Fabrairun 2007 mutane sama da miliyan 90 suka kalla, kuma a wannan shekara aka sayar da daƙiƙa 30 na talla a cikinsa a kan kimanin dala miliyan 2.6. Tallar, wadda kamfanin Deutsch ya shirya, mai tsawon minti ɗaya ce. Wani mutum-mutumi mai launin rawaya yana aiki a layin harhaɗa motoci sai noti ya suɓuce masa ya faɗi, layin ya tsaya, kowa ya zuba masa ido, aka raka shi zuwa ƙofa. Daga nan aka nuna shi yana 'yan buga-buga, yana riƙe allon talla a bakin titi, yana riƙe lasifikar karɓar odar abinci, yana bin motocin kamfanin da kallo idan sun wuce, a bayan fage kuma ana jin wata tsohuwar waƙar kaɗaici ta Eric Carmen. A ƙarshe ya hau gada ya faɗa ruwa, sai ya farka a masana'anta, ashe mafarki ne, aka kuma rufe da saƙon cewa garantin ya sa kowa a kamfanin ya damu matuƙa da inganci.

Suka mafi ƙarfi ta fito ne daga Gidauniyar Amurka ta Hana Kashe Kai, wadda ta ce tallar ta nuna kashe kai a matsayin mafita ga wanda ya rasa aiki, kuma hakan yana da haɗari ga masu raunin zuciya. Kamfanin ya fara cewa ba zai canza komai ba, amma kafin mako ya cika ya amince ya cire wurin gadar. Korar kuwa da yawon neman abin yi an bar su yadda suke, duk da cewa marubuta da dama a jaridu sun nuna rashin dacewarsu. Kwana goma bayan wasan, kamfanin motoci na Chrysler ya sanar da rage guraben aiki 13,000.

Masu kare tallar suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Sun ce inji ne aka nuna, cewa abin duka mafarki ne, cewa an tsara labarin ne domin mai kallo ya tausaya wa wanda aka kora, kuma mafi yawan waɗanda suka bar General Motors a 2006 sun tafi da kuɗin sallama ko fansho. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin babu alamar cewa masu shirya tallar sun yi nufin izgili. Sai dai hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, saboda tallar ba za ta yi tasiri ba sai idan mai kallo ya ga mutum a jikin na'urar, kuma kowane mataki da na'urar ta bi, daga rakiya zuwa ƙofa har zuwa aikin da albashinsa bai kai rabin na da ba, hanya ce da dubban mutane a Flint da Pontiac da Saginaw suka bi a farke. An ɗauki baƙin cikin ma'aikaci an ɗora wa abin da ya maye gurbinsa, sa'annan aka gayyaci ƙasa ta yi dariya. Barkwanci tsakanin tsara yana ƙara zumunci ne saboda kowa yana da damar ramawa, wanda aka sallama kuwa ba shi da dala miliyan biyar da zai sayi minti ɗaya ya mayar da martani.

Akwai kuma kuskuren da ya shafi ainihin saƙon tallar, wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba. Tallar ta koyar da cewa inganci yana fitowa ne daga tsoron kora, kuma lalacewar mota laifin wanda ya yar da noti ne. W. Edwards Deming, masanin da kamfanonin Japan suka karɓi koyarwarsa tun daga 1950, ya dage cewa mafi yawan aibi yana fitowa ne daga tsarin da shugabanni suka shimfiɗa, kuma ya sanya kawar da tsoro daga wurin aiki cikin manyan ƙa'idojinsa 14. General Motors ya ga shaidar haka da idonsa a masana'antar NUMMI da ke Fremont ta jihar California, wadda ya buɗe da haɗin gwiwar Toyota a 1984. An dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan da a da ake yi wa kallon marasa ɗa'a, aka ba kowannensu ikon jan igiyar da za ta iya tsayar da layi idan ya ga matsala, kuma cikin ƙanƙanin lokaci motocinsu suka shiga sahun mafiya inganci a duk masana'antun kamfanin. Tsayawar layi, wadda tallar ta mayar abin kunya, ita ce a Fremont alamar ma'aikacin da ya san aikinsa.

Raba gadar da korar da kamfanin ya yi ma bai yi daidai da abin da bincike ya nuna ba. A 2009 masana tattalin arziki Daniel Sullivan da Till von Wachter sun wallafa nazari a kan mazan da suka daɗe a wurin aiki kafin a sallame su a jihar Pennsylvania a shekarun 1980, inda suka gano cewa yawan mace-mace a cikinsu ya ƙaru da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari a shekarar farko bayan rasa aikin. Tallar ta faɗi gaskiya da ta haɗa rasa aiki da fid da rai, laifinta shi ne ta mayar da wannan gaskiya abin nishaɗi a lokacin da mai biyan kuɗinta yake cikin masu haddasa ta, kuma yanke ƙarshenta bai wanke farkonta ba.

General Motors bai saka talla a wasan Super Bowl na 2009 ba. A watan Maris na wannan shekara gwamnatin Obama ta tilasta wa Wagoner sauka, a ranar 1 ga Yuni kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, gwamnatin Amurka ta zuba masa kimanin dala biliyan 50, aka sanar da rufe wasu ƙarin masana'antu. Ya janye daga NUMMI, aka rufe ta a 2010. Da masana'antar Detroit ta sake waiwayar kanta a Super Bowl na 2011, Chrysler ne ya fito da talla ta minti biyu tare da mawaƙi Eminem, wadda ta nuna hayaƙin masana'antu da titunan birnin da fuskokin mazaunansa, kuma babu raha ko ɗaya a cikinta.