Kurtun tawadar Japanawa: yaya ake gane shekarunsa?

Ran nan bayan an tashi daga lakwal, wani ɗalibina ya nuna mini hoto a salula: wani ƙarfe mai kama da lofe, mai sayarwa ya rubuta wai ya shekara 700. Ya ce, "Mushe, gaskiya ne?" Ban amsa ba sai da na bincika.

Sunan abin yatate, gidan alƙalami da tawada na Japanawa. Kalmar tana nufin mazaunin kibiya, don a zamanin Kamakura (1185 zuwa 1333) mayaƙa kan ajiye dutsen tawada a gindin kwarinsu. Tawadarsu daskararriya ce, sai an goga ta bisa dutse da ruwa, aikin da ke ɓata wa matafiyi lokaci. Sai aka samo dabara: a jiƙa auduga ko siliki da tawada, a rufe cikin ɗan gida. Ba ta zuba, in ta bushe a ɗiga ruwa.

Shaida ta farko ita ce siffa. Mafi tsufa yana kama da maficin da aka naɗe. A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) aka yayi mai siffar ludayi: alƙalamin gashi cikin mariƙi, tawada a kai, a soke shi a ɗamara tunda rigarsu ba ta da aljihu. Fatake da mawaƙa duk suna tafiya da shi. Basho ma ya ambace shi a littafin tafiyarsa ta 1689. Can wajen ƙarshen Edo aka samu wanda gidan tawadarsa ke rataye daban da igiya.

Ta biyu ƙarfe da ado. Na talaka tagulla ne ko jan ƙarfe, ba ƙyale-ƙyale. A 1876 gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, maƙeran da ke ƙawata takubba suka koma ƙera wasu kaya. Don haka yawan zinariya da azurfa ba ya nuna tsufa.

Ta uku alamar aiki: busasshiyar tawada a ciki, murfin da ya saki, gefen da ɗamara ta goge. Sunan maƙeri shi kaɗai bai isa ba, ana iya zana shi daga baya.

Na hoton mai siffar ludayi ne, saboda haka da wuya ya wuce shekara 400. Da na nuna wa yaron dalilan, shi da kansa ya yanke hukuncin.

Daga nan na tambayi ƴan ajin wa ke da kurtun tawada ko gafakar kakansa a gida. Da yawa sun ɗaga hannu, amma ba wanda ya san wanda ya yi su, ko yaushe. Iyaye, tun tsofaffi na raye, ku tambaye su. Ku rubuta sunan mai shi da garin da shekarar a ƴar takarda, ku sa cikin gafakar.