Phare Ponleu Selpak: Makarantar da 'Yan Gudun Hijira Suka Gina da Fensir da Alkafura

A shekarar 1986, a wani sansanin 'yan gudun hijira da ake kira Site 2, a kan iyakar Tailan da Kambodiya, wata Bafaranshiya mai suna Véronique Decrop ta tara yara ta raba musu takarda da fensir. Sansanin nan shi ne mafi girma a duk faɗin iyakar. Mutane fiye da 150,000 ne a cunkushe cikin bukkokin gora, an kewaye su da waya, ruwan sha ma sai tanka ta kawo. Yawancin yaran da suka zauna a gabanta sun buɗe ido ne cikin yaƙi, sun ga abin da bakinsu ba zai iya maimaitawa ba. Ita kuwa ba ta matsa musu da tambaya ba. Ta koya musu yadda ake riƙe fensir, yadda ake duban abu a mayar da shi kan takarda, har abin da ya daskare a ƙirjinsu ya fara sauka ta hannu.

Sai an san abin da ya kai yaran nan sansani kafin a gane nauyin wannan fensir. A ranar 17 ga Afrilu 1975 dakarun Khmer Rouge, ƙarƙashin Pol Pot, suka kama Phnom Penh, babban birnin ƙasar. Suka kwashe mutanen birane kaf suka tura su gonaki, suka soke kuɗi, suka rufe makarantu. Kafin sojojin Biyetnam su kore su a Janairun 1979, mutane tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu sun halaka, wasu da kisa, wasu da yunwa, wasu da aikin bauta. Masu ilimi da masu fasaha su aka fi farauta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne cikin kowane goma na mawaƙa da makaɗa da masu rawa da masu zane, tara ba su tsira ba. Sinn Sisamouth, wanda ya fi kowa suna a waƙar ƙasar, a wannan zamani ya ɓace. Haka Ros Serey Sothea, 'yar lardin Battambang, wadda har yau ake sauraren muryarta a gidajen Kambodiya. Wani ɗan Battambang ɗin, mai zane Vann Nath, ya fita da rai daga kurkukun Tuol Sleng ne kawai domin masu tsaronsa na buƙatar wanda zai riƙa zana musu hoton Pol Pot. Ƙasar da ta gaji kiɗa da rawa tun zamanin daular Angkor ta wayi gari babu masu koyarwa, kuma sana'ar da ake gada daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, idan malamin ya mutu, da shi ake binne ta.

An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a birnin Paris a Oktoban 1991. Daga 1992 zuwa 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da 'yan gudun hijira kusan 360,000 gida, aka rufe sansanonin. Yaran Decrop, waɗanda a lokacin sun zama samari, suka koma ƙasar da wasunsu ba su ma tuna kamanninta. Battambang, inda suka sauka, ita ce rumbun shinkafar Kambodiya, amma a wancan lokaci gonakinta cike suke da nakiyoyin da aka binne, ragowar Khmer Rouge kuma na nan riƙe da garin Pailin, ba nisa. Iyalai da yawa sun dawo babu gona, babu jari. Yara suna yawo a kasuwa da tashar jirgin ƙasa suna tsintar bola, wasu kuma ana tsallaka da su iyaka ta garin Poipet a kai su bara ko aikatau a Tailan.

Tara daga cikin samarin suka dubi yaran nan suka ga kansu. A 1994, tare da malamarsu, suka buɗe makaranta a ƙauyen Anh Chanh da ke gefen garin Battambang. Cikinsu akwai Srey Bandaul, da Tor Vutha, da Svay Sareth, da Khuon Det. Suka raɗa mata suna Phare Ponleu Selpak, wato hasken fasaha. Kalmar farko Faransanci ce, tana nufin fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, sauran biyun kuma harshen Khmer ne. Abin da suka iya, shi suka fara koyarwa: zane, kyauta, ga duk yaron da ya shigo. Bayan shekara biyu aka ƙara da kiɗa.

Ina ganin darajar wannan makaranta ta fara ne daga ranar da ta yarda cewa maganin da ya warkar da masu kafa ta ba zai warkar da kowa ba. Akwai yaron da zai zauna awa biyu yana zane. Akwai kuma wanda ya saba da kwanan titi, da duka a gida, da faɗa a kasuwa, wanda idan ka ce ya zauna shiru kamar ka ɗaure shi ne. Khuon Det ya lura da irin waɗannan. Shi kansa tun a sansani ya koyi wasannin motsa jiki da dabarun kare kai, don haka ya fara tara su yana koya musu tsalle da alkafura. Ya je makarantar wasannin dandali ta ƙasa da ke Phnom Penh ya ƙaro ilimi, a 1998 kuma ya buɗe sashen da a yau ya fi kowane sashe fito da sunan Phare. Shekarar nan ce Pol Pot ya mutu a daji kusa da iyakar Tailan.

Wasan da ake magana a kai shi ne na gwanintar jiki a gaban 'yan kallo: alkafura a sama, tafiya kan igiya, lilo daga rufin tanti, cilla ƙwallaye ko sandunan wuta ana cafewa, mutum biyar su hau kafaɗun juna su yi hasumiya, mace ta lanƙwashe kamar ba ƙashi a jikinta. Wanda ya taɓa ganin 'yan hoto suna cilla galma sama suna tare ta da ƙirji, ya san irin numfashin da 'yan kallo ke riƙewa. A wasan Phare babu dabbobi ko ɗaya, jikin ɗan Adam ne kaɗai da kiɗa. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar, domin a bangon haikalin Bayon da ke Angkor, wanda aka gina wajen shekara 800 da suka wuce, an sassaƙa masu irin wannan wasa.

Duk wanda ya yi tunani zai ga dalilin da ya sa wannan horo ya kama yaran titi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma jikin yaro ya fi karɓar wannan aiki. Amma abin da ya fi jiki muhimmanci shi ne amana. Yarinyar da za ta saki igiya a sama dole ta yarda cewa na ƙasa zai cafe ta. Na ƙasan kuma ya san idan ya zo a buge, ko bai yi barci ba, ran wani ne a hannunsa. Yaron da bai taɓa yarda da babba ba, bai kuma taɓa jin wani ya dogara da shi ba, a nan yake koyon duka biyun, ba tare da kowa ya zaunar da shi ya yi masa wa'azi ba.

Da makarantar ta ƙara ƙarfi sai ta gane cewa yaro mai jin yunwa ba ya alkafura. Aka samar da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu bin yara har gida su ga halin da iyaye ke ciki. Aka buɗe ajin ƙananan yara da ɗakin karatu, aka kuma yi makarantar gwamnati a cikin harabar, yadda yaro zai yi boko ya kuma yi fasaha a wuri ɗaya. Ɗalibai fiye da dubu ne ke amfana da wurin a kowace shekara. Sashen wasan kwaikwayo kuwa ya ɗauki aikinsa ya shiga ƙauyuka, yana nuna wasanni kan cutar ƙanjamau, da haɗarin nakiya, da fataucin mutane, da dukan mata, da tsafta. Masu wasan 'ya'yan irin waɗannan gidaje ne, da harshen ƙauye suke magana, shi ya sa ake tsayawa a saurare su. A 2012 gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan ta ba makarantar lambar yabonta.

Sai dai lambar yabo ba ta cika tukunya. A nan ne tambayar da ke karya yawancin irin waɗannan cibiyoyi ta taso: yaron da aka horar shekara takwas ko goma, ya zama gwani, ina zai je? Battambang ba ta da 'yan kallon da za su ciyar da ɗaruruwan masu wasa. Idan ba aiki, gwanin alkafura zai ƙare a ɗaukar bulo a Bankok kamar wanda bai taɓa shiga makaranta ba, har ma baƙin cikinsa ya fi, domin an nuna masa wata rayuwa an janye. Makarantar kanta kuma da tallafin ƙungiyoyin waje take numfashi, wanda yau akwai, gobe babu.

Amsar da suka bayar a 2013 ita ce, a ganina, mafi hikimar abin da suka yi tun kafuwarsu. Suka kafa kamfani mai zaman kansa, Phare Performing Social Enterprise, wanda makarantar ke riƙe da kaso mafi tsoka na hannun jarinsa, gidauniyar Grameen Crédit Agricole kuma ta zuba jari a ciki. Suka kafa tanti a Siem Reap, garin da ke bakin haikalin Angkor Wat, tafiyar kusan awa uku a mota daga Battambang. Lissafin a fili yake. Baƙi na tururuwa zuwa Angkor, a 2019 kaɗai fiye da miliyan biyu daga ƙasashen waje suka sayi tikitin shiga, kuma idan rana ta faɗi suna neman abin kallo. Phare ta ba su. Waɗanda suka gama makaranta suka zama ma'aikata masu albashi, tare da makaɗa, da masu fitilu, da masu ɗinka kayan wasa, da masu sayar da tikiti. Ribar kuma tana komawa Battambang ta biya wa ƙannensu karatu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne ba su sayar da labarinsu da arha ba don su faranta wa baƙi. Kowane wasa labari ne na Kambodiya. Wanda ake kira Sokha ya bi rayuwar wata yarinya da mafarkin yaƙi ke bibiya, an gina shi kan abin da masu kafa makarantar suka gani da idonsu, ana yinsa mai zane na tsaye a dandali yana zana hotunan a gaban jama'a. Wani wasan ya ɗauki labarin saurayin da ƙauye ya ƙyamata saboda tawayar jikinsa. Wani kuma kan shinkafa ne, da yadda kwaɗayin kasuwa ke raba manomi da albarkar gonarsa. Baƙo zai shigo neman nishaɗi, ya fita ya san ƙasar fiye da yadda ya shigo. Ƙungiyoyinsu sun yi wasa a Turai da Amurka da ƙasashen Asiya. Ɓangaren zane ma ya haifi ɗakin aikin da ke yin zanen kwamfuta da finafinan katun ga masu biya, Svay Sareth kuwa ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu sassaƙa na ƙasar.

Tsarin yana da rauni, kuma annobar korona ta tona shi. A 2020 jirage suka daina sauka, Siem Reap ta yi tsit, tanti ya rasa 'yan kallo. Dogaro da baƙi ya zama kamar dogaro da masu tallafi: abin da ke hannun wani ne. Makarantar ta kai gaɓar da ake fargabar rufe ta. Abin da suka yi shi ne suka koma ga abin da suka iya. A ranar 7 ga Maris 2021, a harabarsu ta Battambang, malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka fara wasa ba tsayawa, ana karɓa-karɓa, ana watsawa ta intanet ana neman gudummawa. Sai da suka yi awa 24 da minti 10 da daƙiƙa 30. Kundin bajinta na Guinness ya tabbatar da shi a matsayin wasa mafi tsawo irinsa da aka taɓa yi. A watan Agustan wannan shekara cutar ta ɗauki ran Srey Bandaul, ɗaya daga cikin taran, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da zane a makarantar da ya kafa.

Na daɗe ina jin ana buɗe shirye-shiryen koya wa matasa wasa da waƙa da sunan yaƙi da zaman banza, a yi mako biyu, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Samarin Site 2 sun yi shekara 19, daga 1994 zuwa 2013, kafin su kai ga tantin da zai biya ɗalibansu albashi. Masu son yin irin wannan aiki, a gwamnati suke ko a ƙungiya, ina roƙonku kafin ku tara yara ku fara amsa tambayar da Phare ta amsa: wa zai koyar da su shekara da shekaru, wa zai ciyar da su suna koyo, kuma wa zai sayi tikiti ranar da suka gama.