Tarihin Kafuwar Masarautar Maruwa a Gindin Duwatsun Mandara

Duk wanda ya dubi labarun al'ummai da idon basira zai tarar cewa addini kan biyo sawun ayari ne, ya sauka inda fatake suka sauka, ya yi zango inda suka sami ruwa da aminci. Ta haka addinin Buddha ya fita daga ƙasar Hindu, ya ratsa mashigan duwatsun Famir tare da masu fataucin alharini, har ya isa ƙasar Sin a ƙarni na farko na Miladiyya, mabiyansa suna sassaƙa ɗakunan bauta a jikin duwatsun Bamiyan, daidai wurin da raƙuma ke hutawa. Mu kuwa ba sai mun yi nisa ba kafin mu ga misalin wannan al'amari, domin a arewacin Kamaru akwai birnin Maruwa, wanda sarautarsa da kasuwarsa da makarantunsa duk hanya ce ta haife su, kuma labarinsa yana ɗauke da abin alfahari da abin nadama, waɗanda ya wajaba a faɗe su tare.

Duwatsun Mandara sun miƙe kimanin kilomita 200 daga kusa da kogin Binuwai zuwa garin Mora, kuma tun zamanin da, matafiyin da ya fito daga Barno yana nufin kudu ko gabas ba shi da makawa sai ya bi ta gindinsu, inda koramu ke gangarowa da damina su bar ruwa a ƙarƙashin rairayi da rani. Daular Wandala, wadda muke kira Mandara, ita ta fara cin moriyar wannan matsayi, tana zaune a Kerawa, daga baya a Dulo, tana sayar wa Barebari ƙarfen da mutanen tudu ke narkawa, tana karɓar dawaki da gishiri da tufafi. Tare da waɗannan hajoji ne malaman Barno suka riƙa shigowa da allo da tawada, har Allah ya nufi sarkin Mandara, Mai Bukar Aji, ya karɓi Musulunci a farkon ƙarni na 18. A kudu da Mandara kuwa, a filin da ake kira Diyamare, ƙabilar Giziga ce ke riƙe da garin Marva, Zumaya suna gabas da su, Fulani makiyaya kuma, waɗanda suka gangaro daga Barno da shanunsu, suna zaune a tsakaninsu a matsayin baƙi masu biyan kuɗin kiwo.

Sa'ad da labarin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804, ya iso waɗannan rugage, sai Modibbo Adama, wanda ya yi karatunsa a Barno, ya tafi ya karɓo tuta wajen shekarar 1809, aka naɗa shi shugaban Fombina, wato ƙasar kudu a harshen Fillanci. Ya zauna a Gurin, ya koma Ribadu, kafin ya kafa Yola a 1841, kuma a ƙarƙashin tutarsa ne ardo-ardo da modibbai suka kafa ƙananan masarautu fiye da arba'in, irin su Garuwa ta Modibbo Haman Njundi a bakin Binuwai, da Rai ta Buba Njidda, da Ngaundere ta Ardo Njobdi a kan tudun Mbum. A Diyamare, Modibbo Muhammadu Damraka ne ya ci Marva, Giziga da yawa suka janye zuwa tsaunukan da ke kewaye, garin ya zama Maruwa, mazaunin lamido mai mubaya'a ga Yola, Yola kuma ga Sakkwato.

Sabuwar masarautar ba ta sami sararin numfashi da wuri ba, saboda Mandara tana ganin wannan fili nata ne. A 1823 rundunar haɗin gwiwa ta fita daga Mora, ta ƙunshi dakarun Barno a ƙarƙashin Barka Gana, da Larabawan Bu Halum masu bindigogi, da mayaƙan Mandara, har da wani Baturen Ingila mai suna Denham yana biye da su, suka auka wa Fulanin wannan yanki. Amma maharba suka tare su a bayan shinge, rundunar ta watse, Bu Halum ya mutu da dafin kibiya, Baturen ya tsira da ƙyar. Daga wannan rana maƙwabta suka san cewa sarautar Maruwa da aka dasa a bakin kogin Mayo Kaliyawo ta yi saiwa.

To, yaƙi ya ba Fulani ƙasa, amma makiyayi bai gaji fada ba, don haka da suka zo tsara mulki sai suka ari sunaye da ƙa'idoji daga inda hanya ta kawo su. Wanda ya shiga fadar wani lamido a wannan yanki har yau zai ji ana kiran Galadima da Kaigama, waɗanda asalinsu Barno ne, ya ji Sarkin Yaƙi da Sarkin Shanu da Hausa tsantsa, sa'an nan ga Alƙali da Liman, waɗanda shari'a ta zo da su. Wannan jerin sarautu shi kansa shaida ne ga mahaɗar da Maruwa ta zama. A zamanin Lamido Sali, wanda ya daɗe bisa gado a rabi na biyu na ƙarni na 19, Barebari, waɗanda Fulanin can ke kira Sirata, suka cika unguwanni da masaƙa da marina da majema, har aikin fatar Maruwa ya yi sunan da bai gushe ba. Manoma kuma suka riƙi noman masakuwa, dawar da ake dasawa a ƙasar laka bayan ɗaukewar ruwa, wadda ta sa birnin yake girbi a lokacin da wasu ke duban rumbu.

Fataken Hausa su ne suka ɗaure wannan ƙasa da sauran duniya. Sukan taso daga Kano da baƙin yadi da rigunan saƙi da jan ƙarfe, su bi ta Barno ko ta Bauci, su ƙetare Binuwai a wajen Garuwa, su hau tudun Ngaundere da Tibati da Banyo neman hauren giwa da goro; kuma kowane ayari, bayan madugu da jagaba, ba ya rasa malamin da zai ja salla, ya rubuta wasiƙa, ya raba gardamar bashi. Inda ayari ya saba sauka sai zango ya tsaya, zango ya sami Sarkin Hausawa, a share filin masallaci, yara su fara taruwa da alluna a gefen wuta, manya su zauna gaban modibbo suna bin Ahalari da Ishmawi da Risala har zuwa Muhtasar. Mahajjata masu nufin gabas ta Wadai da Darfur su ma sukan yi shekaru a hanya, wasunsu su zauna ke nan, su bar littattafansu da zuriyarsu.

Amma amanar tarihi ba ta yarda a ɓoye cewa hanyar da ta kawo allo ita ce ta fita da bayi. Mandara da masarautun Fulani duka sun riƙa kai hari kan Mafa da Mofu da Kapsiki da sauran mutanen tudu, na Fulanin suna biyan gaisuwar Yola da 'ya'yan mutane, suna musayar su da dawaki. Waɗanda aka yi wa haka suka ƙara hawa sama, suka gina gonakinsu hawa-hawa da jeren duwatsu, suka ɗauki Musulunci addinin mahayin da ke zuwa da asuba ya ƙone gida. Abin da falke da malami suka samu cikin lalama a fili, mai hari ya toshe shi a kan dutse shekaru masu yawa, kuma wannan hasara ce da ya kamata kowane Musulmin yankin ya yi juyayinta.

Ƙarshen ƙarnin ya zo da girgiza. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zauna a Balda, gabas da Maruwa, yana kira ga Mahadin Sudan, ya raba kan malamai da sarakuna, daga baya ya haɗa kai da Rabe, mayaƙin da ya ci Barno, ajalinsa kuma ya same shi a 1898. A watan Satumba na 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fito yana neman inda zai tsaya, Jamusawa suka karya shi a Garuwa, ya iso Maruwa wurin Lamido Ahmadu Rufa'i. A watan Janairu na 1902 kuma mayaƙansu suka fuskanci bindiga mai ruwa ta Bajamushe Hans Dominik da takubba da masu, suka faɗi da yawa. Mulki ya koma hannun Jamus, bayan 1916 ya koma hannun Faransa, iyaka ta raba Maruwa da Yola, har Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960 a ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, ɗan Garuwa.

Daga baya takobin lamido ya koma kube, amma fada ta ci gaba da sulhunta jama'a, alƙalai da limamai suka ci gaba da aikinsu, Maruwa ta zama hedkwatar lardin Arewa Mai Nisa a 1983, ta sami jami'a a 2008. Abin lura kuwa shi ne, bayan an daina hari, jikokin waɗanda suka gudu kan dutse sun sauko da ƙafarsu, suka shiga kasuwa, suka koyi Fillanci, wasunsu suka bi Kiristanci, wasunsu suka riƙe al'adar kakanninsu, da yawansu kuma suka musulunta ta hannun maƙwabci da abokin ciniki, ta irin hanyar da addinin ya fara shigowa Mandara tun kafin a ɗaga tuta. Allah ya jiƙan magabata, ya yafe musu kurakuransu, ya sa waɗanda ke riƙe da wannan gado su zama masu aminci ga na fili da na tudu baki ɗaya.