Yadda Aka Soma Lissafin Tafiyar Ɗan Ƙuda

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Keita ko ta Tamaske lokacin mangwaro, ya ga 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido suna shawagi bisa abin da ya ruɓe, da wuya ya zaci cewa wannan halitta, wadda asalinta Afirka ne, ta fi shekara ɗari tana hana manyan malamai barci. Almajiri kam ba zai yi mamaki ba, tun da Allah Maɗaukakin Sarki ya buga misali da ƙuda a Suratul Hajji, Al-Jahiz mutumin Basra kuma ya yi sharhin ɗabi'unsa cikin Kitabul Hayawan.

A 1910 ne Thomas Hunt Morgan na Jami'ar Columbia a Amurka ya tsinci namiji guda mai farin ido cikin kwalabensa, ya bi zuriyarsa har ya gane hanyar da siffa ke bi daga iyaye zuwa 'ya'ya. To, amma gadon kama daban, gadon hali daban. A 1971 Seymour Benzer da ɗalibinsa Ronald Konopka suka samu ƙudajen da yininsu sa'a 19 ne, waɗansu 28, waɗansu kuwa ba su san dare da rana ba, aka tabbata lalle hali ma ana gadonsa.

Mushkilar da ta rage ita ce ta ido, domin ɗalibi, kome haƙurinsa, in ya wuni yana duban ƙuda da alƙalami a hannu, zai gaji, kuma abin da ya riga ya san sunansa kaɗai zai rubuta. A 2009 Kristin Branson da abokanta suka ɗora kyamara bisa faranti, kwamfuta tana bin sawun ƙudaje da yawa a lokaci guda ba tare da ta rikita wannan da wancan ba. A 2014 Gordon Berman da abokansa a Princeton suka bar na'ura ta rarrabe motsin da kanta, ta fitar da fiye da iri 100, na tafiya, da na shafar kai, da na kaɗa fiffike. A ganina nan ne ilmin ya balaga.

Ya ku ɗaliban Jami'ar Tawa, kyamara da kwamfuta suna hannunku, ƙudan kuwa ga shi nan kyauta a kasuwa. Ku soma.