Wutar Yuni a Sifaniya da Shirun Fashaga: Me Ke Sa wa Biki Rana?

A daren 23 ga Yuni, jajibirin ranar da Kiristoci ke tunawa da haihuwar Annabi Yahaya, garuruwan Sifaniya kan kwana da wuta. A Alikante ana gina manyan siffofi na katako da kwali, a ƙone su a daren 24. A Galisiya ana tsallake wuta, a gasa kifi, a jiƙa ganyaye su kwana a waje don a wanke fuska da ruwan da safe. A bakin teku kuwa jama'a kan faɗa ruwa da tsakar dare. Bayanin da aka fi yayatawa shi ne wai ragowar bautar rana ce da coci ta yi wa sabuwar riga. Ra'ayina shi ne aikin gona da yanayin shekara ne ke sa wa irin wannan biki rana, addini kuma ya raɗa masa suna. Fashaga, ƙasar laka da ke jihar Gadarif a kan iyakar Sudan da Habasha, wuri ne da ya dace a gwada wannan magana.

A Madrid, yinin ƙarshen Yuni yakan kai awa 15, bayan hunturun da yini bai cika awa 10 ba, kuma lokacin ne alkama ke nuna. Mutum na da abin murna, yana da busasshen itace, ga dare gajere mai ɗumi. A Gadarif yini mafi tsawo bai wuce awa 13 ba, tsananin zafi ya riga ya wuce tun Afrilu da Mayu, kuma Yuni ƙofar damina ce. Manomin dawa da riɗi a tsakanin kogin Atbara da Setit, Balarabe ne ko ɗaya daga Hausawan da kakanninsu suka zauna kan hanyar hajji, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, hankalinsa na kan iri da hadari. Lissafinsa ma na taurarin damina ne, masu kimanin kwana 13-13, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Rumbu ya yi ƙasa, laka ta fara tsare hanya. Wa zai ƙone kara a irin wannan lokaci?

Za a ce addini ne ya raba: Sifaniyawa Kiristoci ne, mutanen Fashaga Musulmi. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Musulmin Andalus sun yi bikin 24 ga Yuni da sunan Ansara, har malamai irin su Ɗurɗushi, wanda ya rasu a 1126, suka lissafa shi cikin bidi'o'i, kuma ba a yin wa'azi a kan abin da ba a aikatawa. A karkarar Maroko an ci gaba da hura wutar Ansara har ƙarni na 20. Hujja mafi ƙarfi tana tsallaken iyaka. Kiristocin Habasha, maƙwabtan Fashaga ta Matama da Humera, su ma suna girmama Annabi Yahaya, amma ranar da suka fi kira da sunansa, Kidus Yohannes, ita ce ranar sabuwar shekararsu, 11 ga Satumba, kuma babbar wutarsu ta Maskal ana hura ta wajen 26 ga watan, daidai ɗaukewar ruwa. Annabin bai sauya ba, wutar ce ta jira damina ta janye.

Masu batun bautar rana su ma suna da ja, domin tsallake wuta da neman lafiya daga ruwa sun yi kama da tsofaffin al'adu, kuma ba mamaki hakan ne. Sai dai kama ba silsila ba ce. Bikin Alikante a siffarsa ta yau an kafa shi ne a 1928, wutar dutsen Kanigo da ake rarrabawa garuruwan Kataloniya kuwa ta samo asali a 1955. Abin da ake kira na kaka da kakanni sau da yawa sa'an rediyo ne.

Ƙalubalen da ya fi nauyi daga gida yake. Hausawa na da daren wuta, wato Wowwo ko Cika-ciki a watan Muharram, lokacin da samari kan yi wasa da bakin wuta, kamar yadda Dagombawan Gana ke yi a bikin Bugum. Wannan dare na bin wata, yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ya faɗo a rani ko a tsakiyar damina, don haka ba ruwansa da gona. Gaskiya ne, kuma ya rage wa ra'ayina faɗi. Amma a duba abin da ya fi ɗorewa a cikinsa: cin abinci a ƙoshi, naman layya da aka adana, da kuɗin shara tsakanin taubasai. Waɗannan ba su bukatar wani yanayi na musamman, shi ya sa suka iya zagaya shekara tare da watan, yayin da wasan wutar ya ja baya a birane da dama.