Ɗanyen abinci da aljihun ɗan makaranta a Madarumfa

Cin ɗanyen abinci tsari ne da mutum ke dogara ga abin da wuta ba ta taɓa ba: ƴaƴan itace, ganyaye, gyaɗa da hatsin da aka jiƙa. Masu bin sa a Turai da Amurka ba sa yarda zafin abinci ya wuce digiri 48. Wani likitan ƙasar Suwis, Bircher-Benner, na cikin waɗanda suka fara yayata shi wajen shekarar 1900 a birnin Zurik. A can, tsari ne na masu hali. A Madarumfa kuwa, ɗan kwaleji ko lise da ya baro ƙauyensu ya kama ɗaki a gari yakan wuni bai ɗora tukunya ba saboda wani dalili daban: babu icce, babu gawayi, ga kuma ƙarancin lokaci tsakanin darasin safe da na marece.

Da yawa daga abin da ɗalibai ke kira ɗanye ba ɗanye ba ne. Garin rogo an toya shi kafin ya iso kasuwa, ƙuli-ƙuli soyayye ne, zogalen kwaɗo an tafasa shi, hura ma daga dafaffen dawo take. Waɗannan abinci ne da wani ya riga ya biya kuɗin wutarsu. Ɗanye na gaskiya shi ne irin su aya, ɗanyar gyaɗa, dabino, gumba, kayan garka da ƴaƴan itace.

Ta wannan fannin gundumar Madarumfa ba ta da talauci. Tana cikin yankunan jihar Maraɗi da ke noman aya. Fadamar gulbin Maraɗi da bakin tabkin Madarumfa cike suke da garake da rani, ga kuma filin noman ban ruwa na Jiratawa da ake aiki da shi tun farkon shekarun 1980, wanda ya yi suna wajen zogale. Arha dai tana bin lokaci. Da aka koma makaranta a watan Oktoba, sabuwar gyaɗa da aya ke shigowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari, salati, shu, karoti da tumati kan cika kasuwa har mai garka ya riƙa neman mai saye da marece, a lokacin ne kuma magarya da kanya ke nuna. Mangwaro na zuwa da bazara, daga Afrilu zuwa Yuni, daidai lokacin shirin jarrabawar BEPC da BAK, sa'ilin da salati ya ƙare, hatsi kuma ya fara tsada. Wanda ya nace sai ya ci salati a watan Mayu, shi zai biya kuɗin nacinsa.

Babbar matsala ita ce ƙoshi. Saurayi mai zuwa makaranta da ƙafa ko da keke yana buƙatar wajen kalori 2,500 a yini. Giram 100 na salati bai wuce kalori 15 ba, tumati 18. Ko da ɗalibi zai cinye kilo guda na salati da tumati, bai samu kashi ɗaya cikin goma na buƙatarsa ba. Gyaɗa kuwa tana ba da sama da kalori 550 a giram 100, tare da giram 25 na sinadarin gina jiki. Busasshiyar aya tana kusan 400, gero sama da 350, dabino kusan 280. Saboda haka kuɗin ɗalibi ya kamata su fara zuwa ga waɗannan, a saye su da tiya lokacin kaka tun da ba sa lalacewa da wuri, sauran canjin kuma a sayi kashin tumati ko karoti na ranar. Sayen aya ƙulli-ƙulli a bakin makaranta ya fi tsada nesa ba kusa ba, ko da yake dala biyar ko goma ba ta yi wa mutum ciwo lokacin da yake miƙa ta.

Gumba ta cancanci a tsaya a kanta. Gero ne ake surfewa, a wanke, a jiƙa, a daka da sukari da ɗan kayan yaji, kuma Bahaushe ya san ta tun kafin wani ya ba cin ɗanye suna. Tana riƙe ciki, ba ta buƙatar murhu, gero kuma shi ne abin da iyaye a ƙauye suka fi iya aikowa. Jiƙawar tana rage wani sinadari da ke hana jiki tsotsar ƙarfen da ke ƙara jini. Idan aka haɗa ta da abu mai tsami kamar garin kwalba, wato ƴaƴan kuka, wanda ya ninka lemu bitamin C, jiki ya fi cin moriyarta. Amma ba a ajiye ta: da zafin bazara, gumbar safe kan yi tsami kafin dare.

Akwai abin da ba a ci ɗanye ko da kyauta ne. Wake sai an dafa, domin ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke sa amai da zawo. Rogo mai ɗaci yana da guba. Madarar da ba a tafasa ba na iya ɗaukar ƙwayar tarin fuka ta shanu, ɗanyen ƙwai da kifin tabki ma haka suke da nasu haɗarin. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar da ita, domin gubarta na lalata hanta a hankali.

Sai batun wanki, wanda mutanen Madarumfa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Annobar kwalara ta 2018 a wannan gunduma ta fara, cikin watan Yuli, ta kama sama da mutum 3,000 a faɗin ƙasa, mafi yawansu ƴan gundumar. Ganyen da aka shayar ko aka yayyafa wa ruwan gulbi ko na tabki yana iya ɗauke da ƙwayar cuta ko ƙwan tsutsar ciki, ido bai gani. A wanke hannu da sabulu, a wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwan famfo, a jiƙa shi kamar minti 15 cikin ruwan da aka ɗiga wa javel ko aka sa ƙwayar Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta. Abin da ake ferewa, kamar mangwaro, lemu da karoti, ya fi aminci. Kankanar da aka yanka aka baza a rana, ƙuda na bi, arharta ba ta kai kuɗin likita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace kowace rana, amma ba ta ce a daina dahuwa ba. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 1999 ya gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 na mata ƴan ƙasa da shekara 45 da suka daɗe kan ɗanyen abinci, al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke, ga kuma rama. Bitamin B12 ma ba a samun sa a tsirrai. Ga ɗalibi mai girma, musamman ƴan mata, abin da ya fi dacewa shi ne ɗanye ya ɗauki safe da rana, da dare kuma a samu dafaffe, ko shinkafa da wake ko tuwo. Ɗalibai uku ko huɗu da ke ɗaki ɗaya kan iya haɗa kuɗin gawayi su yi tukunya guda, a ƙara da ƙwai dafaffe ko busasshen kifi sau biyu ko uku a mako.